Miki na warkewa ne ko ɓaci yake yi? Jiya ce ma'aunin yau

Babu gidan da ba a jinyar miki. Yaro ya faɗi a filin ƙwallo ya ƙuje gwiwa, uwargida ta ƙone da man tuya, manomi ya sare ƙafa da hauya, ɗan kabu-kabu ya goge a kwalta, mai jego ta dawo daga asibiti da ɗinki a mara. Kwana biyu ko uku bayan haka kowannensu zai kwance ƙyalle ya duba wurin, ya tarar ya kumbura, ya yi ɗumi, yana ɗan tsattsafo da ruwa. Daga nan tambaya guda ce ke zuwa a rai: warkewa yake yi, ko ɓaci?

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin pansama na yi su, can yankin Maradi, inda ake wanke miki a ɗaure shi. Mutane iri biyu suka fi ba ni tausayi a wurin. Na farko shi ne wanda mikinsa ke warkewa lafiya lau, amma tsoro ya sa ya kashe jika biyu ko uku wurin mai tallar magani. Na biyu shi ne wanda ƙwayoyin cuta suka riga suka ci wurin, amma ana ta ce mishi ya yi haƙuri, ai haka ciwo yake yi in zai warke. Dukansu abu guda suka rasa: ma'auni. Ma'aunin kuwa ba wani na'ura ba ne. Miki mai warkewa kullum sauƙi yake ƙarawa, ko da kaɗan ne. Wanda ya ɓaci kullum gaba yake yi. Kallo guda ba ya faɗa maka gaskiya, sai ka gwada yau da jiya.

Aikin da jiki ke yi da kansa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki, kuma da zarar ta tsage jiki ba ya jiran kowa, sai ya hau gyara.

Cikin ƴan mintoci jini ke daskarewa ya toshe wurin. Sannan daga ranar farko zuwa kwana 3 ko 5 hanyoyin jini na kewayen su buɗe, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi don cinye datti da ƙwayoyin cuta. Wannan dafifin ne ke kawo kumburi da ɗumi da ciwo. Daga wajen kwana na 4 har zuwa sati 3 sabon nama ke tsirowa daga ƙasa, ja jawur, mai ƙananan gudaji, baki kuma yana matsowa ciki. Mataki na ƙarshe shi ne ƙarfafa tabo, wanda kan ɗauki watanni har shekara ko fiye. Ko an gama, ƙarfin tabo ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na fatar asali.

Kusan shekara 2000 da suka wuce wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomi huɗu na wurin da jiki ke yaƙi: ja, kumburi, ɗumi da raɗaɗi. Har yau su ake koyarwa a makarantun kiwon lafiya. Matsalar ita ce alamomin nan huɗu suna fitowa a miki mai warkewa, suna kuma fitowa a wanda ya ɓaci. Abin da ya raba su shi ne lokaci da alkibla. A mai warkewa, ciwon ya fi tsanani a awa 48 na farko, sannan ya riƙa ja da baya, kumburin kuma ya tsaya a bakin mikin. In a kwana na 4 ko na 5 ciwon da ya lafa ya dawo, ya koma zogi mai bugawa kamar ana kiɗa a ciki, har ya hana barci, to ba warkewa ba ce.

Ƙaiƙayi kuwa, da jin fata na ja, da ɓawo mai duhu a kan ƙujewa, duk na hanya ne. Haka tabon da ya yi tudu ya wuce iyakar mikin bayan watanni, wanda ya yawaita ga masu baƙar fata, musamman a kunne da ƙirji da kafaɗa. Yana iya damun mai shi, amma ba ƙwayoyin cuta ba ne, kuma kafso ba ya taɓa shi.

Fatarmu ba ta cika nuna ja ba

Littattafan da muka yi karatu da su cewa suke a duba ja. Hotunan ciki kuwa kusan duk na farar fata ne. A jikin yawancinmu jan nan ba ya fitowa fili. Abin da za ka gani shi ne wurin ya fi sauran jiki duhu, ko ya yi kamar shuɗi-shuɗi, ko fatar ta miƙe tana ƙyalli. Wanda ya tsaya jiran ganin ja zai makara.

Shi ya sa nake cewa hannu ya fi ido a nan. Ka wanke hannu da sabulu, ka sa bayan hannunka a gefen mikin, ba a kansa ba, sannan ka sa shi a daidai wurin a ɗaya ƙafar ko ɗaya hannun. In ɓangaren ciwon ya fi zafi sosai, kuma zafin ya yi nisa da bakin mikin, ka lura. Ka danna a hankali: laushi ne, ko ya yi tauri kamar icce? Ka duba a hasken rana, ba da fitilar waya cikin ɗaki ba.

Sannan ga dabarar da ba ta cin ko dala. Ka ɗauki bik ka zagaye iyakar kumburin ko duhun a kan fata, ka ɗauki hoto da waya. Gobe war haka ka sake dubawa. In abin yana cikin zanen ko ya ja baya, alhamdu lillahi. In ya tsallake zanen, kada a ƙara kwana. Ranar da aka zo likita ma, hotunan nan sun fi dogon bayani amfani a gare mu.

Kada a manta da kaluluwa. In miki yana ƙafa sai ga kaluluwa mai ciwo a matsematsi, ko yana hannu ta fito a hammata, jiki ne ke shaida cewa yaƙin ya bar bakin mikin. In kuma aka ga wani layi ya taso daga mikin yana hawa sama, ko ba a gan shi sosai ba amma ana jin ciwonsa in an bi da yatsa, wannan na ranar ne, ba na gobe ba.

Ruwa daban, mugunya daban

Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya taɓa zo mani kwana uku bayan salansa ta ƙone shi a ƙwauri. Hankalinsa a tashe, wai ƙafar ta fara ruɓa don tana ruwa. Na duba: ruwan garai yake, ɗan rawaya-rawaya kamar shayin da bai ji ganye ba, ba wari, ba zazzaɓi, kuma da bakinsa ya ce ciwon ya fi sauƙi a kan jiya. Na ce mishi: "Ƙanena, ƙafarka aikinta take yi, kai dai ka bar ta da tsabta." Abin da ya fi ba mu wahala shi ne kankare garin kafson da ya barbaɗa a kai.

Wannan ruwan garai, ko mai ɗan jirwayen jini, na al'ada ne a kwanakin farko, kuma raguwa yake yi. Mugunya, wadda wasu ke ce wa diwa, daban take: mai kauri, mai gurɓi, fara ko rawaya ko tsanwa, sau da yawa da wari, kuma ƙaruwa take yi. Pansaman da jiya ya kwana a bushe, yau ya jiƙe sau biyu, magana ce. Haka naman da ya kamata ya zama ja mai kyau in ya koma toka-toka, ko yana zubar da jini da an taɓa shi, ko ɗinki ya fara buɗewa.

Har yanzu ina jin masu cewa in miki bai yi diwa ba, dattin ciki bai fita ba. Ba mu kaɗai muka taɓa riƙe wannan ba. Likitocin Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yabon mugunya a matsayin alamar sauƙi, marasa lafiya kuma suna ta mutuwa bayan tiyata. Sai a 1867 Joseph Lister, likitan fiɗa a birnin Gilasgo, ya wallafa sakamakon tsabtace miki da kayan aiki da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, aka ga miki na iya warkewa ba tare da ɗigon mugunya ba. Mugunya gawar fararen ƙwayoyin jini ce haɗe da ƙwayoyin cuta. Inda ta taru, fitar da ita ake yi a wurin ma'aikacin lafiya da kayan da aka dafa, ba sakiya da reza a zaure ba.

Mai jego da ɗinkinta

Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta, kuma hakan ya ceci mata da jarirai masu yawa. Amma aiki ba ya ƙarewa ranar da aka sallami mace. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata mikinsu na kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma a Afirka abin kan kai kashi 20 cikin 100 ga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. A ƙa'idar likitoci, ana sa ido a kan mikin tiyata har kwana 30. Sau da yawa matsalar ba ta bayyana sai wajen ƙarshen satin farko, wato daidai lokacin da mace ta koma gida ana shirin suna.

Na tuna wata da aka kawo kwana tara bayan tiyata. Tun kwana na shida ciwon mara ya dawo mata, jiki ya yi zafi. Aka ce masassarar cizon sauro ce, aka sayo magani. Ita kuma kunya ta hana ta buɗe wurin a gaban uwar miji, ga baƙi cike da gida. Da muka ɗaga zane, gefen ɗinkin ya yi tauri, da aka cire zare biyu mugunya ta yi ta zuba. Ta rayu, amma ta yi makonni ana wanke wurin kullum, jaririn na hannun kaka. Da ranar da ciwon ya dawo aka zo, da abin bai kai haka ba.

A ƙasarmu kowane zazzaɓi sauro ake ɗora wa, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma mai miki in zafin jikinsa ya kai digiri 38, a yi gwajin jini, a kuma buɗe mikin a duba. Ana iya samun duka biyun a jiki guda. Ku kuma iyayenmu mata masu kula da jego, don Allah ku riƙa tambaya, ku riƙa dubawa da idonku. Ruwan wanka mai tsananin zafi da gasa ciki ba na mai ɗinki ba ne. A wanke wurin a hankali, a tsane shi da tsabtataccen ƙyalle, musamman in yana cikin lanƙwasar fata inda gumi ke taruwa.

Waɗanda ciwo ba ya faɗa musu gaskiya

An ce jiki magayi, amma akwai jikin da ba ya faɗa da wuri. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ƙaya ta soke shi bai ji ba. Wani dattijo ya zo mana da ƙafa a kumbure, yana dariya yana cewa shi fa ba ya jin komai, ƴaƴansa ne suka matsa. Na ce: "Baba, rashin jin nan shi ne abin tsoron." Wari ne ya tona ciwon, kuma sai da aka tura shi babban asibiti aka cire yatsu biyu. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma duk ƙanƙantar miki a ƙafa ya kai shi likita ba tare da jiran ciwo ko zazzaɓi ba.

Haka ake saurin kai mai sikila, wanda gyambon idon sawu ke wahalar da shi, da mai ɗauke da ƙwayar sida, da yaro mai tamowa, da tsoho tukuf.

Jariri kuma nasa ya fi gaggawa. Cibiya kan bushe ta faɗi cikin sati ɗaya zuwa biyu, kuma ɗan danshi a gindinta lokacin faɗuwa ba komai ba ne. Amma in fatar kewayen ta kumbura, ko tana wari da mugunya, ko jariri ya ƙi nono, ya yi lakwas, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, a tafi a lokacin, ko tsakar dare ne. Ba a sa wa cibiya toka ko man shanu ko man goge baki. In akwai abin shafawa, ungozomar asibiti za ta bayar. Yaron da aka yi wa kaciya ma haka: ɗan kumburi da wani farin-rawaya da ke lulluɓe kan a kwanakin farko na hanya ne, amma jinin da ya ƙi tsayawa, kumburi mai ƙaruwa, wari, ko kasa fitsari, ba na jira ba ne.

Kafso ba gishirin miya ba ne

A kowace kasuwa da tasha akwai mai tire ko mai keke da kafso kala-kala a rana. Mutum ya sayi guda huɗu, ya haɗiye biyu, ya fasa biyu a kan miki. Mikin da ke warkewa ba ya bukatar wannan. Wanda ya ɓaci kuma guda huɗu ba sa kashe cutar, sai dai su koya mata jure magani. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Mu a ɗakin pansama muna ganin abin da idonmu: maganin da da yake aiki cikin kwana uku, yanzu sai an canza an sake canzawa.

Ban da kafso, na ga man birki, fetur, ruwan batir, toka, ƙasa da kashin shanu a kan miki. Na ukun farko ƙona naman suke yi. Na ƙarshen kuwa gidan ƙwayar tetanos ne, cutar sarƙewar haƙora, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ita wannan ba ta bin ƙa'idar da na faɗa a sama, don miki na iya zama ƙarami, har ya rufe, sannan bayan kwana 3 zuwa 21 muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya da baya su sandare. Duba miki ba ya gano ta, allurar rigakafi ce kawai kariya. Duk wanda ƙusa ko ƙaya ko ƙarfen gona ya soke shi, ya je a duba maganar allurarsa a ranar. Cizon kare ma haka: a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi likita nan take saboda ciwon haukan kare, kome kyawun wurin a ido.

Abin da gida zai iya, da inda ya kamata ya tsaya

Ƙaramin miki ba ya son hidima mai yawa. A wanke hannu. A danne da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya. A zuba ruwa mai tsabta da yawa, wanda aka tafasa ya huce in na rijiya ne, har ƙasa da tsakuwa su fita. Ƙuna kuma a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na wajen minti 20, kada a fasa bororon. Alkol na goge fatar da ba ta tsage ba ne. Zuba shi cikin miki kullum yana kashe sabon naman da ke tsirowa.

Sannan a rufe. Da yawa na cewa a bar shi ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa mikin da aka rufe ya riƙe ɗan danshinsa ya fi saurin rufewa a kan wanda aka bari ya bushe. Balle mu da ke da ƙura da ƙuda. A canza pansama in ya jiƙe ko ya yi datti, kada a ɓanɓare ɓawo, kada a yi ta fama wurin. A ci abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, nono, kifi, nama, gyaɗa, zogale. Na sha jin ana hana mai miki wasu daga cikinsu wai suna kawo diwa, alhali da su jiki ke gina naman. Mai shan taba kuma ya sani hayaƙin na rage jinin da ke isa wurin.

Mikin da ya yi zurfi, ko bakinsa ya wage, ko yana fuska, tafin hannu ko kan gaɓa, na CSI ne tun awoyin farko, lokacin da ɗinki ke da amfani. Wanda ya yi sati biyu bai ragu ba, ko wata guda bai rufe ba, shi ma a kai shi a nemi dalili kafin ya zama gyambo.

Akwai kuma alamomin da ba a jira wa wayewar gari: kumburi mai gudu cikin awoyi, ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, fata ta yi baƙi ko ta yi bororo, rawar ɗari, numfashi sama-sama, fitsari ya ɗauke, ko mutum ya fara sambatu. Wannan alama ce cutar ta shiga jini ta game jiki. Alƙaluman da OMS ta fitar a 2020 sun nuna wannan hali ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11 a 2017, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. A irin wannan lokaci kuɗin mota ko na amalanke shi ne mafi arhar abin da iyali za su kashe.

Na san CSI na da nisa ga wasu, na san akwai ranar da aljihu ba ko dala. Shi ya sa sanin bambancin nan ke da daraja: yana hana ka ɓarnar kuɗi a kan mikin da ke kan hanyarsa, yana kuma tashe ka da wuri a kan wanda ya kauce. In akwai mai miki a gidanku, yau da rana a duba shi, a taɓa gefensa, a zagaye da bik. Gobe a sake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.